Filin Amsa Tambayoyin Manoma: Shin namijin dabino yana canja 'ya'yan macen?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da matan dabino goma a lambuna. Bara na yi barbara da furen namijin maƙwabcina, 'ya'yan suka yi girma, suka nuna da wuri. Bana na yi da nawa namijin, sai suka ƙanƙance, damina kuma ta riske su a sama. Laifin namijin ne? Daga wani mai lambu a Shika, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zarginka yana da tushe. Duk manomi ya san yadda farar masara kan fito da ƙwayoyi ruwan ɗorawa idan gonar gefe ja aka shuka. Na dabino ya wuce haka, domin tasirin garin furen namiji bai tsaya a ƙwallo ba, yana taɓa girman naman da lokacin nuna. Masanin tsirrai Walter Swingle ya yi bayanin wannan tun 1928, kuma gwajin da mai binciken dabino Roy Nixon ya yi a Kalifoniya ta Amurka ya nuna wani namiji mai suna Fard 4 yana ƙanƙantar da 'ya'yan wani irin dabino da ake kira Deglet Noor, amma yana sa su nuna da wuri. Ka ga ke nan ba kullum girma da saurin nuna ke zuwa tare ba. Namijin da ya haɗa maka biyun abin riƙewa ne, musamman a Zariya inda ruwa kan sauka tun watan Mayu, dabinon da laima ta kama yana nuna kuwa tsagewa yake ya ruɓe.

Sai dai kada ka yanke wa namijinka hukunci da shekara ɗaya. Ƙarancin ban-ruwa da barin 'ya'ya sun yi cunkoso a nono sun fi namiji ƙanƙantar da dabino. Ka gwada a kan mace ɗaya: nono biyu da furen maƙwabci, biyu da naka. Ka rufe kowanne da jakar takarda tun kafin kubensa ya tsage, ka mayar da jakar bayan barbara na kamar mako biyu, don kada iska ta kawo wani garin. Ban da leda, tana tara gumi. Ka ɗaura ƙyalle mai launi daban don shaida, ka rage 'ya'yan daidai wa daida, lokacin girbi ka auna guda ɗari daga kowane nono, ka kuma rubuta ranar nunarsu.

Ita barbarar, a yi ta cikin kwana biyu zuwa uku da tsagewar kuben mace, da hantsi bayan raɓa ta bushe. A cusa silin furen namiji biyu ko uku a tsakiyar na macen, kansu ƙasa, a ɗaure sako-sako. Idan aka makara, za ka ga ƙananan 'ya'ya uku-uku marasa ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata. Furen namiji a inuwa ake shanya shi a kan takarda, rana tana kashe shi. In ya bushe sarai, a zuba a kwalba mai murfi a sa a firji, zai kai baɗi.

Idan na maƙwabcin ya yi nasara, ka nemi tsiron da ke fitowa a gindinsa. Ƙwallo ba ya maimaita uba. Namiji ɗaya nagari ya ishi matanka goma har da ragi mai yawa.

Tambaya: Lemun tanjarin ɗina da aka ce ba ya ƙwallo yanzu cike yake da shi. Me ya faru? Daga wata Hajiya a Samaru.

Amsa: Hajiya, wasu irin tanjarin ba sa ƙwallo ne kawai muddin garin wani lemun bai kai gare su ba. Ki duba ko an dasa wani iri kusa da ke, domin ƙudan zuma ke ɗauko garin. Idan itacen bai yi girma ba, ki lulluɓe shi da gidan sauro har furen ya zube, sai dai yawan 'ya'yan na iya raguwa.