Hita marar tanki: gyara ko sabuwa, ta gas ko ta lantarki?

Tambaya: Shekara biyu ke nan da na sa hita marar tanki mai amfani da gas. Da farko ruwa na zubowa da zafi da ƙarfi, yanzu kuwa sai ya yi zafi ya huce kana tsakiyar wanka, ƙarfinsa ma ya ragu. Mai gyara ya ce in sayi sabuwa. In saya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Irin wannan hita, in ana kula da ita, tana iya kai shekara 20 tana aiki, don haka ta shekara biyu ko ƙuruciya ba ta gama ba. Abin da na fi zargi shi ne datti ya toshe ta.

Ba ta ajiye ruwa. Da ka buɗe famfo, ruwan zai bi ta wasu siraran bututu da wuta ke gasawa, ya fito da zafi nan take. In ruwanku na da yawan sinadarin kalsiyam da magnesiyam (alamarsa sabulu ba ya kumfa sosai), zafin nan zai riƙa daskarar da su a jikin bututun, irin farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar dafa ruwa. Hanya ta ƙuntata, zafi ya kasa ratsawa. Kuma hitar na buƙatar ruwa ya riƙa gudu kamar lita 2 a minti ɗaya kafin ta kama. In gudun ya gaza haka sai ta mutu, shi ne kake jin sanyi ya dawo.

Fara da mai sauƙin. A mashigar ruwan sanyi akwai 'yar rariya mai tace yashi da tsatsa. Rufe ruwa, kwance ta, wanke ta, mayar. Sau da yawa nan kaɗai matsalar take.

In bai yi ba, sai wankin ciki. A kashe gas, a rufe bawul na ruwan sanyi da na zafi, a cire ta daga wutar lantarki in ba littafinta ya ce a bari ba. A zuba farin khal (wato binega, ruwan tsami na girki) kamar lita 15 a bokiti, a sa ƙaramin famfon tura ruwa a ciki, tiyo ɗaya ya kai khal ɗin cikin hita, ɗaya ya dawo da shi bokiti. A bar shi yana zagayawa minti 45 zuwa awa guda. Za ka ga ya yi duhu-duhu, da ɓarɓashi kwance a ƙasan bokitin. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai kyau na 'yan mintuna. Sau ɗaya a shekara ya wadatar, amma inda ruwa ke da yawan sinadarin nan, duk wata shida. Kada wani ya zuba mata asid mai ƙarfi da sunan saurin aiki, zai ci bututun ne.

Sai dai wankin nan na buƙatar wasu bawul biyu na musamman a ƙasan hitar, inda ake jona tiyo. Masu kafawa da yawa kan tsallake su don aiki ya yi arha, abin da ke ba ni haushi ke nan. In babu su a taka, sa a ƙara. Ka kuma duba takardar garanti, domin kamfanoni da dama ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar da wannan ɓawon ya jawo.

Tambaya: Ina son saya wa gidana, ina da yara ƙanana. Ta gas zan ɗauka ko ta lantarki? Kuma za a iya maƙala ta cikin banɗaki?

Amsa: Hajiya, tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. Hitar gas da ke shaƙar iskar ɗaki ba ta da wurin zama a banɗaki. In gas bai ƙone sosai ba yana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, ya ɗauka zafin wanka ne, kafin a ankara ya faɗi, ƙofa kuma a kulle. Ko dai a kafa ta a waje, in irin ta waje ce, ko a ja mata bututun hayaƙi har waje, a kuma sa na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska kusa da ɗakunan kwana. Harshen wutarta shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya, ko kika ga baƙin hayaƙi a jikinta, kashe ta ki kira ƙwararre. A riƙa leƙa bakin bututun ma, tsuntsaye na son yin sheƙa a wurin. In kuwa warin gas kika ji, rufe gas ɗin, buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin fitila.

Ta lantarki ba ta da hayaƙi, amma akwai ta da cin wuta. Mai kilowat 7 da ke wadatar da shawa ɗaya tana jan kusan amfiya 30 a wutar bolt 230. Ba ta soket ba ce. Tana son wayarta mai kauri ita kaɗai tun daga allon wuta, da birekarta, da wayar da ke kai wuta ƙasa, da na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara yoyo. In wayoyin gidan tsofaffi ne, kuɗin gyara su na iya fin kuɗin hitar. Don banɗaki ɗaya, in wutarku na da ƙarfi, ni ta lantarki zan ce ki ɗauka. Gida mai jama'a da yawa kuwa, ta gas a waje.

Ko wacce kika saya, saita zafinta a digiri 49 na ma'aunin Salsiyas. A digiri 60 ruwa na ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, fatar yaro kuma ta fi ta babba laushi.

Tambaya: An ɗauke ruwa, da ya dawo na kunna hitata ta lantarki, sai ta daina aiki gaba ɗaya.

Amsa: Mai yiwuwa iska ce ta cika bututu, ƙarfen dumama ruwan ya yi zafi a bushe ya ƙone. A yawancinsu ana iya sauya shi ba tare da an sayi sabuwar hita ba. Nan gaba, in an ɗauke ruwa, kashe birekarta. In ya dawo, buɗe famfon ruwan zafi har ya daina tari da fesa iska, ya zubo sumul, sannan ka mayar da wuta.