Amsa ga Hajiya kan garin Darwad

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari muryarki, wai yaro ya samu gurbi a jami'ar Darwad kina tambaya ko akwai wani abin kirki a wajen. Ni dai abin da na fahimta, tsoro kike kada a ce ƙauye aka tura shi tunda ba Mumbai ba ce. To ki kwantar da hankalinki.

Matsalarmu ke nan, da an ce Indiya sai mu tuna fim da rawa a cikin ruwan sama. Darwad a jihar Karnataka take, Kannada suke yi, ba Hindi ba. Kuma duk wanda ya san kiɗan gargajiyar Indiya, in ka ambaci garin nan sai ya gyara zama. Abin mamakin ma, gari ne na kudu amma waƙar arewa suka ƙware a kai, wadda suke kira Hindustani. Dalili? Zamanin Turawa yankin yana ƙarƙashin mulkin Bombay ne, kuma manyan mawaƙan arewa kan yada zango a nan in za su fadar sarkin Maisur. Cikinsu har da Ustaz Abdul Karim Khan, Musulmi ne fa. Shi ya koyar da Sawai Gandharba na garin Kundgol, shi kuma ya yaye Bhimsen Joshi da Gangubai Hangal. Akwai kuma Mallikarjun Mansur, shi tasa makarantar daban ce.

Gangubai ɗin nan, wallahi ita ce ke tsaya min a rai. An haife ta a 1913, a lokacin da macen da ta fito tana waƙa a bainar jama'a ba a ganinta da mutunci, ga shi kuma danginta na cikin waɗanda ake rainawa a tsarin nan nasu na ɗan wane da ɗan wane. Tana 'yar shekara 11 ta yi waƙar maraba a taron jam'iyyar Kongires a Belgaum, 1924, Gandhi na zaune. Jirgin ƙasa take shiga daga Hubli, kusa da Darwad, zuwa Kundgol don ɗaukar darasi, ta dawo. Muryarta kuwa, in ka ji a rediyo sai ka rantse namiji ne. Na taɓa kunna wa wani a cikin gurup ɗin nan, ba zan kama suna ba, ya ce min wai kukan me tsohon nan yake yi. Tsoho! Matar da sai da ta haura shekara 90 tana hawa dandali, ta rasu a 2009. Shi fa ko bandiri bai iya riƙewa ba. Har yau abin na ci min rai.

Ina ma na tsaya... yauwa, marubuta waƙa. Akwai Bendre, wanda ya ci Jnanpith, babbar kyautar adabin Indiya, ta 1973. Sai Shishunala Sharif, shi ma Musulmi, sufi, amma malaminsa Baramine ne, wato ɗan gidan malaman Hindu, mai suna Gobinda Bhatta, har gobe ana rera baitocinsa. Kafin wani ya taso min, e, ƙauyen Sharif yanzu yana gundumar Haberi, Bhimsen Joshi kuma ɗan Gadag ne. Amma ai duk gundumar Darwad ce kafin a tsaga ta gida uku a 1997, saboda haka ban cire su ba.

'Yan gwagwarmaya kuma, Sarauniya Chennamma ta Kittur. A 1824 Turawan Ingila suka ƙi yarda ɗan da ta riƙa ya gaji sarauta, ta ce sai dai a gwabza. A karon farko aka kashe Thackeray, Baturen da ke mulkin Darwad. Daga baya suka kama ta, ta mutu a tsare a 1829, kwamandanta Sangolli Rayanna kuma suka rataye shi a 1831. Kittur dai tana ɓangaren Belagabi, wato Belgaum, amma daga Darwad aka kai mata yaƙin. Sai Mailara Mahadebappa, wanda ya bi Gandhi tattakin adawa da harajin gishiri a 1930, 'yan sanda suka harbe shi a 1943.

Saboda haka Hajiya, a biya kuɗin makaranta kawai. Ki ce masa ya fara koyon gaisuwa da Kannada tun yanzu, kada ya je yana yi musu Hindin fim. Caji na ya kusa ƙarewa, sai anjima.