Kafin ka ƙara wa turbo matsi a kan daino

Ka tambaye ni me ya sa ba za mu ƙara matsin iskar turbo kai tsaye ba, tunda mai motar ƙarfi yake nema. To saurara, ɗana. Matsi shi ne abu na ƙarshe da za mu taɓa, domin injin da aka ɗura wa iska fiye da man da yake samu, fistin yake narkarwa.

Kafin ma a ɗaure motar a kan daino, wato injin auna ƙarfin mota tana tsaye wuri ɗaya, sai ka auna kwamfireshin na kowace silinda. Kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Ka toshe bakin turbo, ka hura iska cikin bututun, ka bi kowane tiyo da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan iska ke tsiyaya, kuma duk lissafin da ka ɗora a kanta banza ne. Fulogi kuwa a rage ratar bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7, in ba haka ba matsi zai riƙa kashe tartsatsin.

Jan farko, wato taka totur na farko a kan daino, da matsin sifirin ɗin bawul mai sakin hayaƙi kaɗai ake yi, a giya ta huɗu a yawancin motoci, daga juyi 2,500 zuwa sama. Idonka ya tsaya a kan na'urar auna haɗin iska da mai da ke jikin salansa. A tafiyar yau da kullum 14.7 ne daidai ga fetur, wato nauyin iska 14.7 ga nauyin mai 1, amma da zarar turbo ya fara turawa muna son 11.5 zuwa 12. Ka ga ta haura 13 a cikin matsi? Mai ya yi kaɗan ke nan. Ɗaga ƙafarka daga totur nan take, kar ka jira in yi magana. Sai mu duba injekta, kada aikinsu ya wuce kashi 85 cikin 100, mu duba famfon mai. Idan matsin mai bar 3 ne a tushe, turbo kuma yana ba da bar 1, dole ka ga bar 4. In ya faɗo a saman juyi, famfon ya gaza.

Bayan mai ya zauna, sai taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, digiri ɗaya ɗaya. Nan ne ake sa abin saurare a kunne. Ƙwanƙwasar da nake tsoro ba ta da ƙara, tamkar tsakuwa ƴan ƙanana a cikin gwangwani, kuma ita ke fasa gefen fistin wajen ringi, ta ƙona gasket. Ka ƙara digiri amma layin ƙarfin murɗawa da daino ke nunawa bai ɗaga ba, ko ka ji wannan sautin, koma baya da digiri biyu ka bar shi a nan.

Sai yanzu matsi, bar 0.1 a kowane ja, kuma duk ƙari sai an sake duba mai da taimin. Tsakanin ja da ja ka bar fanka ta huce intakula, mai sanyaya iskar turbo, don iska mai zafi ƙwanƙwasa take jawowa. Kada ka bari cikakken matsi ya afka a ƙaramin juyi, irin wannan ne ke lanƙwasa kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin. In kuwa ka ga juyin injin ya yi tsalle alhali gudun taya bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa. Mu sauke motar, a canja shi tukuna.