Amsar tambayarka kan yadda mutanen zango suka yi zaɓe a Gana

Ƙanena Sani, na ji saƙon muryarka tun daren jiya, kace a majalisarku ta Tudun Wada gardama ta kaure wai ya akai Musulman Gana suka bari Bawumia, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar NPP, ya faɗi zaɓen 2024 alhalin ɗan uwansu ne Musulmi, kuma da ya ci shi ne Musulmi na farko da zai hau kujerar. To bari in baka yadda abin yake daga nan Kumasi, shekarata 26 a Aboabo, yarana duk nan aka haife su, kuma ko da ba ni da ƙuri'a matata na da ita, surukaina na da ita, a gidana ake wannan muhawarar kullum.

Kaga ku a Kaduna kun saba da zarar an ce zaɓe sai a fara duba wa ke sallah wa ke zuwa coci, nan ba haka tunanin mutanen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, yake ba. Da farko akwai tsohon miki. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi, aka kwashi mutanen zango a motoci, wasu an haife su nan amma aka ce su tafi, kuma NPP daga wannan tsatson ta fito. Kakar matata har ta rasu in aka ambaci jam'iyyar sai ta ɗauke kai. Shi yasa kake ganin Kumasi gidan NPP ne amma mazaɓarmu ta Asawase ta abokiyar hamayyarta NDC ce shekara da shekaru, Muntaka Mubarak suke turawa majalisa.

Amma gaskiya wannan karon ba tarihi ne ya kada Bawumia ba, aljihu ne. Shi ne mataimakin shugaba Akufo-Addo shekara 8, shi aka sani da harkar tattalin arziki, lokacin da suke adawa shi ke tsayawa yana caccakar NDC kan faɗuwar sidi, kuɗin Gana, to sai gashi a hannunsu dala da ake saya wajen sidi 6 farkon 2022 ta haura 15 kafin zaɓe, hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamban 2022. Ni mai sayar da yadi a kasuwar Kejetia, wlh akwai satin da na sayar da kaya da safe, da la'asar kuɗin ba zai sayo min irin bandir ɗin ba. Ga harajin e-levy da suka ɗora a kan momo, wato tura kuɗi ta waya, mai kokon unguwarmu da ɗanta ke turo mata kuɗi daga Akra ta daina karɓa ta waya, gara ya ba direba ya kawo. Sai kuma aka taɓa kuɗin waɗanda suka ba gwamnati rance, tsofaffin ma'aikata suka riƙa zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi, daga baya aka je IMF aka karɓo dala biliyan 3 a 2023.

To wanda ya sha wannan, kazo kace masa ai ɗan takarar Musulmi ne? Surukina limami ne fa, cewa yayi zai masa addu'a amma ƙuri'a a'a.

Ran 7 ga Disamba 2024 Mahama na NDC ya samu sama da kashi 56, Bawumia wajen 41, kuma abin da mutane basa lura da shi 'yan NPP da yawa ba NDC suka koma ba, gida suka yi zamansu, fitowar masu zaɓe ta sauko daga kusan kashi 79 a 2020 zuwa wajen 61. Kuma kar ka ɗauka son Mahama ne ya yi yawa, shi ma wannan Mahaman a 2016 haka aka kada shi yana kan mulki saboda dumsor, ɗauke wutar da ta kashe wa teloli da masu walda sana'a. Bawumia dai na yaba masa abu ɗaya, washegari tun kafin hukumar zaɓe ta sanar ya fito ya amince ya sha kaye.

Ka tambaya ko haka za ta faru a Najeriya a 2027 bayan cire tallafin mai. Ni dai abin da nake so in ji daga gareka shi ne, mutanen da ke kuka da kuɗin mudun shinkafa a Kasuwar Bacci suna da katin zaɓe kuwa, kuma za su fito ranar? Ka gaida Inna, kace mata yadinta na nan tafe hannun Alhaji ƙarshen wata.