Tambayi Bakanike: An haɗa injin 504, amma baƙin mai bai daina ɗiga ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a ajiye, sai bana na sa aka sauke injin aka yi masa ringi, aka canja fakin (shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo) gaba ɗaya. Yana tashi lafiya, ba hayaƙi, amma kullum na wayi gari sai na tarar da baƙin mai a ƙasa, daidai ƙarƙashin botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji. Na koma wurin bakaniken, ya ƙara ɗaure notika ya shafe gefen da gam. Sai abin ya ƙaru. Yanzu cewa yake sai an sake sauke injin. Me ka gani? Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya kuma yi maka albarka da ba ka kai motar Panteka an yanka ta ba. Tun a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, shi ya sa har gobe ba ka rasa kayan 504 da waɗanda suka san ta a garin nan. Kada ka bari a sauke injin tukuna.

Abu na farko, wa ya tabbatar maka fakin botom filet ne ke yoyo? Mai a ƙasa yake taruwa ko daga ina ya fito. Injin 504 a kishingiɗe yake, don haka in fakin murfin saman injin ya saki, man zai gangara ta gefe ɗaya ya sauka a leɓen botom filet, ka rantse nan ne. Haka in daga gindin filta ne, ko gindin famfon fetur, ko ɗan suwic ɗin da ke kunna jar fitilar mai. Iskar tafiya kuma tana kora shi baya.

Ka sa a wanke injin tas, a bar shi ya bushe. Ka sayi hodar jarirai a barbaɗa a jikin injin daga sama har ƙasa, a kunna shi na kamar minti 15, sannan a shiga rami da tocila. Duk inda hodar ta fara yin baƙi a can sama, nan ne tushen. In tsakanin inji da giyabos ya jiƙe, to sil ɗin bayan karanshaf ne, wannan kam sai an raba su. In kuwa a bakin notin juye mai ne, wosha ce ta jan ƙarfe, kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Da yawa suna mayar da tsohuwar bayan ta riga ta lotse.

To mu ɗauka fakin ne da gaske. Yadda ka ce ya ƙaru bayan an ƙara ɗauri, na fi zargin nan gizo ke saƙa. Leɓen botom filet ba kauri gare shi ba. Yaro ya samu sifana ya danna iya ƙarfinsa, sai ƙarfen da ke kewaye da kowane ramin noti ya turo sama, fakin ya tsage a wurin, tsakanin noti da noti kuma ya zama babu matsi. Ƙarin ɗauri ƙarin lanƙwasa ne kawai. Gam ɗin da aka shafa daga waje a kan jiƙaƙƙen ƙarfe kuwa ado ne, ba ya kama mai.

Ga yadda nake yi. A juye mai, a ciro botom filet daga ƙasa, ko da sai an ɗan ɗaga injin daga mazauninsa. A kankare tsohon fakin da gam ɗin kakaf daga fuska biyun, a goge da fetur har sai farin tsumma ya fito fari. Sai a kifa botom filet ɗin, a ɗora rula ta ƙarfe a kan leɓen, a haska tocila ta baya. Inda haske ya ratsa, nan mai ke bi. Za ka ga bakin ramukan sun yi tudu. A ɗora leɓen a kan katako mai kauri, a riƙa buga kowane tudu a hankali da ƙaramar guduma har ya kwanta, a sake gwadawa da rula. Aikin haƙuri ne, kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa saboda mai mota yana tsaye a kansa yana duba agogo.

A wanke notikan, a busa ramukansu. In da mai ko guntun gam a cikin rami, noti zai yi tauri tun bai matse fakin ba, kai kana ganin ya ɗauru.

Maganar gam: ɗigo kaɗan ake sawa, a inda ƙarfe biyu suka haɗu, wato mahaɗar murfin gaba da jikin inji, da kuma ta baya. Ba a lafta shi zagaye. Abin da ka ga ya tsattsafo waje, irinsa ya tsattsafo ciki, kuma in ya ɓalle rariyar famfon mai yake zuwa ya toshe. Na buɗe injuna da suka buga saboda wannan kaɗai, rariyar cike da jajayen zaren gam. Ka nemi fakin na kirki, kada a yanko maka kwali a ce ya isa.

Wajen ɗauri, a sa duka notikan da hannu tukuna. Sai a fara daga tsakiya ana tsallakawa gefe da gefe har ƙarshe, zagaye biyu ko uku, ana ƙara kaɗan kaɗan. Da ƙaramar sifana, a riƙe ta kusa da kanta, da yatsu, ban da kafaɗa. In ka ga fakin ya fara leƙowa waje, an wuce gona da iri. A bar motar ta kwana kafin a zuba mai, gam yana son awa 24. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau ɗaya, a sake bin notikan, don fakin yakan zauna.

Saura abu ɗaya da ya shafi sabon haɗi. Kafin ringi su zauna, iska takan ratsa su ta taru a cikin injin. In bututun numfashin injin ya toshe, ko an manta an naɗe shi wajen haɗi, iskar nan za ta tura mai ta duk inda ta samu rauni, ko fakin sabo ne dal. A cire bututun a busa. A kuma duba geji, wato sandar auna mai, kada man ya haura layin sama.

Kuma don Allah a yi aikin nan a rami ko a kan tsayayyun ƙarafa. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. In hodar ta nuna bayan inji ne, ka sake rubuto min kafin a taɓa giyabos, akwai abin da za a duba a kulocin tun yana buɗe.