Amsa ga Alhaji kan dutsen da aka nuna masa a Apapa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari muryarka da ka ce wani mutum ya tare ka a Apapa da dutse mai ruwan ƙasa-ƙasa, ya ce sunansa kainosait, ya ɗiga masa ruwan batir ya yi kumfa, kuma ya ce akwai 'yan Sin da ke jiran kwantena guda. Ka tambaya ko akwai dutse mai wannan suna, amma na san abin da ke ranka shi ne ko ka zuba kuɗinka, saboda haka a kan wannan zan yi magana.

Dutsen gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. An fara gano shi a tsibirin Hidra da ke kudancin Norwe, kuma masanin nan ɗan Suwidin, Nordenskiöld, ya yi bayaninsa a shekarar 1886. Abin da ya sa masana suka damu da shi shi ne haɗinsa, domin a jikinsa akwai kalsiyam da itiriyam da ɗan siriyam, sannan ya haɗa silika da kabonet wuri guda tare da ruwa kaɗan, alhali galibin duwatsu ɗaya suke ɗauka daga cikin biyun. Itiriyam ɗin nan yana cikin ƙarafa 17 masu wuyar tacewa da duniya ke rububi a kansu, kuma da shi ake haɗa hodar da ke ba fitilar LED farin haskenta. Taurin dutsen tsakanin 5 da 6 yake a ma'aunin Mohs, wato dab da taurin wuƙa, bai kai ƙanƙarar dutse ba wadda take 7. Nauyinsa kuwa ya ninka na ruwa kamar sau uku da rabi, don haka ya fi tsakuwar gini nauyi a hannu. Launinsa yana zuwa rawaya-rawaya, ko ruwan ƙasa, wani lokaci ja-ja mai haske.

To, inda nake so ka buɗe kunne, Alhaji, shi ne yadda ake samunsa. Yana fitowa ne a jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi da ake kira pegmatait, da kuma cikin 'yan ramukan dutse da tsagoginsa, inda ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ya taɓa bi ya bar shi. Wuraren da aka san shi da su su ne Norwe, da Nordmark a Suwidin, da Baveno a arewacin Italiya, da lardin Ontariyo a Kanada, da Strange Lake a kan iyakar Kubek da Labrado. A yawancinsu ƙwayarsa ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, sai an sa madubin ƙara girma kafin a ga siffarta da kyau, kuma masu tara duwatsu da gidajen tarihi ne ke nemansa. Wanda ya ce maka zai cika kwantena da zallarsa, ya faɗi abin da ko ƙasashen da aka gano shi ba su yi ba.

Maganar kumfa kuma ba hujja ba ce ko kaɗan. Dutsen da ake haƙa a Ewekoro ana yin siminti da shi, nan kusa da mu a Ogun, idan ka ɗiga masa asid sai ya fi wannan kumfa, domin shi ma kabonet ne. Kumfar ta nuna akwai kabonet, ba ta ce komai a kan itiriyam ba.

Wannan abin yana ƙona mini rai ne saboda na ga irinsa a Bukuru, lokacin da nake harkar kuza. Ƙanena ya sayar da shanunsa ya sayi buhunan baƙin yashi a hannun wani dillali da ya rantse masa cewa kwalambait ne, ma'adinin nan mai tsada da ake samu tare da kuza. Yashin baƙi wuluk, yana ƙyalli a rana, yana da nauyi a tafin hannu, duk wanda ya gani sai ya gaskata. Da aka kai wurin injin maganaɗisu aka raba, sai ga shi yawancinsa ilmanait ne mai arha, kwalambait ɗin bai taka kara ya karya ba. Dillalin nan ya kashe wayarsa, aka bi shi har garinsu, dattawa suka zauna, aka yi alkawari, har yau ko sisi bai dawo ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai injin yana nan cikin gari, kuma da an kai masa cikin gwangwanin madara kafin a biya, da magana ta ƙare tun ranar. Shanun kuwa gadon mahaifinmu ne. To, bari in bar wannan haka.

Abin da aka san ƙasarmu da shi a fannin ƙarafan nan masu wuyar tacewa shi ne monazait, yashin nan mai launin zuma da ke fita daga ragowar wankin kuza a Filato, shi kuwa fosfet ne, ba dangin kainosait ba. Yana ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, saboda haka ba abin ajiyewa a ɗakin kwana a Agege ko Idi-Araba ba ne. Manyan mahaƙan waɗannan ƙarafa a duniya kuma, irin Bayan Obo a Sin da Mountain Pass a Amurka, wani ma'adini daban da ake kira bastanasait suka fi dogara da shi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na aikin tacewa a hannun Sin yake. Ina kuma roƙon kada kowa ya daka dutsen da bai sani ba a cikin gida, domin mun ga yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ta wannan hanyar.

Ka karɓi guntun dutsen da hannunka, daga buhun da kai ka zaɓa, ka aika ɗakin gwaje-gwajen Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da ke Kaduna a haska shi da na'urar eksire ta duwatsu, wadda ita ce ke bayyana ainihin ma'adini. Ka kuma nemi ya nuna maka lasisinsa da sunan wurin da aka haƙo, kamar yadda dokar ma'adinai ta 2007 ta tanada. Idan ya ce masu saye suna sauri ba za su jira sakamako ba, ka ba shi dutsensa. Ka turo mini hotonsa kusa-kusa da tsabar kuɗi a gefensa don in ga girman ƙwayoyin. Wassalam.