Yadda Dodgers ta ɗauki Ohtani kuma kuɗin cefane bai ƙare ba

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙungiyar wasan baseball ta Los Angeles Dodgers ta ba ɗan wasa Shohei Ohtani dala miliyan 700 a Disambar 2023, amma ta ci gaba da ɗaukar 'yan wasa. Gasar MLB, wato babbar gasar baseball ta Amurka, ba ta ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya ba, haraji kawai take ɗora wa ƙungiyar da jimillar albashinta ta haura wani ma'auni, wanda a 2024 dala miliyan 237 ne.

Kwantiragin na shekara 10 ne, amma miliyan 2 kacal yake karɓa a shekara. Ragowar miliyan 680 an jinkirta ta ba tare da kuɗin ruwa ba, za a riƙa biyan miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043. Tunda dalar gobe ba ta kai ta yau daraja ba, wajen lissafin haraji kusan miliyan 46 ake ƙirga masa a shekara, ba 70 ba. Wannan rarar ce ta taimaka aka ɗauki Yoshinobu Yamamoto kan miliyan 325 na shekara 12, aka kuma yi musaya da ƙungiyar Tampa Bay aka karɓo Tyler Glasnow.

Sai dai ba kyauta ba ne. Dole ƙungiyar ta riƙa ware kuɗin da ta jinkirta tana ajiyewa. Harajin kuma hawa yake yi idan ƙungiya ta haura ma'aunin shekaru a jere: kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura a shekarar farko, 30 a ta biyu, 50 daga ta uku. A ganina babban haɗarin shi ne rauni, domin ko ɗan wasa ya kwanta jinya, sai an biya shi cif.